Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Guzurin Kuɗi ga Mai Tattaki Zuwa Nijar

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Daura)

 



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali ga manya zaune waɗanda suka riga ni ganin duniya. Dalilin tsayuwata a nan shi ne shawarar da wasu matasanmu suka kawo, cewa ƙungiya ta shirya tattakin zumunci, a ƙafa, daga nan Daura zuwa Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Shawara ce mai kyau, domin Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Sai dai na lura duk mahawarar da aka yi ta tsaya ne a kan takalmi da riguna da tuta da ɗaukar hoto. Ba wanda ya tayar da maganar kuɗin da za a kashe bayan an ƙetare iyaka, wane iri ne, a ina za a samo shi, kuma yaya ake ƙirga shi. A kan wannan zan yi magana, domin rashin shirya shi yana iya mayar da tafiyar farin ciki ta koma abin kunya, ya bar mutum goma sha a tsaye gaban mai abinci da aljihu cike da takardun da ba a karɓa.

HANYAR DA AKE MAGANA A KANTA

Masarautarmu ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, kuma mafi yawansu ƙofarsu a buɗe take ga Nijar. Mai son zuwa Damagaram yana da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Kwangwalam, a faɗa Ɗan Barto, a wuce Matamaye da Kance, a haɗu da babban titin da ya taso daga Maraɗi. Ta biyu ita ce ta Zango da Baure, a fita ta Babban Mutum, a shiga Tinkim da Magarya, a bi ta Bande har birnin. Ko wacce aka bi, tafiyar ta haura kilomita 100. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a cikin awa guda, kuma ayari ba ya wuce saurin mafi rauni a cikinsa. Idan aka ce za a riƙa yada zango bayan kowace kilomita 20 ko 25, to ana maganar kusan mako guda ke nan, kuma kwana ɗaya ko biyu ne kawai daga ciki za a yi a ƙasar naira. Sauran duk a ƙasar sefa za a ci, a sha, a kwana.

Abin da ke ruɗin mu mutanen Daura shi ne, ba ma jin Nijar a matsayin wata ƙasa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya, kuma da wuya a sami gida a wannan ɗakin taro da ba shi da dangi a Magarya ko Matamaye. Gaskiya ne. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna suka yanka ƙasar a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa turaku. Shi ya sa har yau za ka ji tsoho ya ce ɗansa ya tafi Faranshi, yana nufin ƙauyen da ake jin kiran sallarsa daga gonarsa. Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Zango da kuma Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya rubuta littafi a 1994 a kan yadda iyakar ta raba ƙauyuka biyu na Hausawa maƙwabta, kowanne ya ɗauki salon Baturen da ya mulke shi. Turakun ba su raba jini ba, amma sun raba hukuma, sun raba makaranta, sun kuma raba kuɗi. Wannan na ƙarshe shi ne wanda matafiyi ke fara cin karo da shi.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Kafin zuwan Turawa, fatake ba su san wannan matsala ba a tsakanin Daura da Damagaram, saboda wuri ake kashewa nan da can. Matsalarsu nauyi ce. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda ɗaya. Ku auna jakin da zai ɗauki kuɗin sayen doki. Saboda haka madugu mai hankali ba ya ɗora wa dabbobinsa wuri. Yakan ɗauki abin da kowace kasuwa ke so, kamar goro da turkuɗi da kanwa da gishiri, ya sayar a zango ya sami kuɗin garin, ya biya fito da abinci, ya wuce. Alhazanmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, su ma haka suka yi. Sukan tsaya su yi noma ko ɗinki ko wanzanci su sami kuɗin ƙasar da suke ciki kafin su ci gaba, shi ya sa wasu suka shekara biyar ko fiye a hanya.

Darasin da ke ciki a fili yake. Magabata sun gane cewa dukiya daban, abin biya daban. Kana iya zama mai arziki a garinku, amma a zango abin da mai masauki ya yarda da shi ne kuɗi. Mu da ba za mu ɗauki goro ba, ba kuma za mu tsaya noma a hanya ba, ya zama dole mu tanadi kuɗin ƙasar tun daga gida.

NAIRA DA SEFA

Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973, inda ta maye gurbin fam, aka ƙaddara fam guda a kan naira biyu. Sefa kuwa ta girme ta, domin Faransa ta ƙirƙiro ta ne a watan Disamba na 1945 don ƙasashen da take mulka. A yau ƙasashe takwas ne ke kashe sefar Afirka ta Yamma: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau, kuma babban bankinsu guda ne, hedikwatarsa tana Dakar. Duk takardar da aka buga tana ɗauke da harafin ƙasar da aka fitar da ita, na Nijar shi ne H, amma kowacce tana ci a duk ƙasashen takwas. A kula, akwai wata sefar ta Afirka ta Tsakiya, wadda Kamaru da Chadi da maƙwabtansu ke kashewa. Darajarsu ɗaya, sunansu ɗaya, amma mai shago a Kance ba zai karɓi ta Kamaru ba. Wanda bai saba ba yana iya karɓar ta a hannun mayaudari.

Babban bambancin kuɗaɗen biyu shi ne, sefa a ɗaure take. Tun 1 ga Janairu, 1999, an ƙulla ta da kuɗin Turai na yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro guda, kuma wannan lissafi bai motsa ba. Naira kuwa tana hawa tana sauka gwargwadon kasuwa da manufar gwamnati. A 1980, a farashin hukuma, naira guda ta fi sefa 300. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga zamanin da ɗan Nijeriya ke shiga kasuwar Magarya da 'yan nairori ya fito da kaya niƙi-niƙi. Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara gangarowa. A watan Janairu na 1994 ita ma sefa ta sha nata dukan, aka rage rabin darajarta a dare ɗaya, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Bayan da aka sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, sai abin ya juye gaba ɗaya, har a 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Wanda ya tafi da tunanin zamanin da, cewa naira ce babba, zai sha mamaki.

Tarihi ya kuma nuna mana cewa kuɗin ƙasa yana iya mutuwa a hannun mai shi idan yana wajen gida. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, Allah ya jiƙansa, ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffi banki. Mutane da yawa a ƙetaren iyaka sun wayi gari da takardun da ba su da amfani, kuma iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Mu kuma na baya mun ga namu a ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, mai miliyan a asusu ya rasa na cefane. Ɗan kasuwar Nijar bai manta da waɗannan ba. Idan ya yi ɗari-ɗari da nairarka, ba ƙiyayya ba ce, wanda maciji ya sara ne ya ga tsumma.

INA NAIRA KE CI, INA TAKE TSAYAWA?

Na san wani zai ce, ai shi yana zuwa Ɗan Barto da naira yana sayayya lafiya lau. Haka ne. A garuruwan bakin iyaka da manyan kasuwanninsu ana karɓar naira, domin mai karɓar ya san gobe zai shigo Mai'aduwa ko Daura ya kashe ta. Amma abu uku ya kamata a sani.

Na farko, ko inda ake karɓa, mai kaya ne ke yanke farashin canji, ba kai ba, kuma zai yanke shi ne yadda ko naira ta faɗi kafin ya kai ta kasuwa ba zai yi asara ba. Na biyu, gwargwadon nisanka da iyaka, gwargwadon raguwar masu karɓa. Mai tafiya a mota ba ya jin wannan, don yana tsallake ƙauyuka ya sauka a tasha inda 'yan canji suke. Mai tafiya a ƙafa kuwa, rayuwarsa tana hannun mai ƙosai da mai fura da mai shayi da mai amalanken da zai ɗauki wanda ƙafarsa ta kumbura. Waɗannan jarinsu bai taka kara ya karya ba, ba za su iya ajiye kuɗin da sai sun yi tafiyar yini kafin su canza shi ba. Na uku, duk abin da ya shafi hukuma, ko asibiti ko kantin magani ko wani haraji mai rasit, da kuɗin ƙasa ake biyansa.

Kada kuma a dogara da waya ko katin banki. Layin Nijeriya yana bin mutum 'yan kilomitoci bayan iyaka, daga nan ya ɗauke. Tura kuɗi ta waya da muka saba da shi, har mai rake yana da lambar asusu, ba ya aiki idan wanda za ka biya ba shi da asusu a Nijeriya. A 2022 bankunanmu da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka fara dawo da shi da ƙayyadadden adadi, kuma ko da katin yana aiki, ba na'urar cirar kuɗi a ƙauye. Nijar tana da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana masu rassa a garuruwa da dama, kuma suna da amfani idan guzuri ya yanke, amma sai an sami wanda zai zuba musu sefa daga wani gari, sai kuma an nuna takardar shaida kafin a karɓa.

ƘIRGA DA DALA

Yanzu na zo wurin da nake roƙon kowa ya buɗe kunne, musamman ƙannenmu. Samun sefa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin yadda ake faɗinta da Hausa, domin abin da aka rubuta a jikin kuɗin daban, abin da baki ke faɗa daban.

Bahaushen Nijar ba ya ƙirga da sefa ɗaya-ɗaya, wadda ake kira tamma. Da dala yake ƙirgawa, kuma dala guda tamma biyar ce. Sunan ya samo asali ne daga waccan dalar azurfa ta zamanin fatake. Saboda haka duk adadin da aka faɗa maka a kasuwa, sai ka ninka shi sau biyar kafin ka san lambar da za ka nema a jikin kuɗi. Idan mai ƙosai ta ce biyar, ƙwandalar da aka rubuta 25 take nufi. Idan aka ce goma, 50 ke nan. Ashirin ita ce 100. Hamsin ita ce 250. Ɗari ita ce 500. Dala 200, wato takardar 1,000, ita ake kira jaka, ko jikka a bakin wasu. Daga nan sai a ci gaba da jaka biyu, jaka biyar, jaka goma, wadda ita ce takarda mafi girma, mai lamba 10,000.

Na taɓa ganin yadda wannan ke haddasa rigima. A wata tafiyar ɗaurin aure da muka yi, wani abokin tafiyarmu ya yi cinikin tabarma aka sallama masa a ɗari uku. Ya ƙirgo ƙwandaloli uku masu lamba 100 ya miƙa, yana murna ya sami araha. Mai tabarma ya dube shi ya ce, "Malam, wannan ai sittin ce." Shi yana ganin an canza magana bayan ciniki ya faɗa, mai kaya yana ganin an zo a raina masa hankali. Kowannensu yana da gaskiya a lissafinsa. Sai da wani dattijo ya sa baki ya fayyace cewa ɗari uku jaka ɗaya da rabi ce, sannan aka rabu ana dariya. Da ba a sami dattijon ba, da an tafi da labarin cewa mutanen garin macuta ne, alhali ba wanda ya cuci wani.

Kada mu ga baƙon abu a nan, don mu ma mun yi irinsa. Shekaru da yawa bayan 1973, iyayenmu sun ci gaba da cewa sule suna nufin kwabo goma, fam suna nufin naira biyu, jaka suna nufin naira 200. Har yanzu a wasu kasuwannin dabbobi za ka ji dillali yana ciniki da jaka. To a lura, jakar gida daban, jakar Nijar daban. Maganin ruɗani ɗaya ne, kuma ba kunya a cikinsa: kafin ka ce ka saya, ka tambaya, "Da dala ko da tamma?" Ko ka fito da kuɗin ka nuna, ka ce, "Irin wannan guda nawa?" Matambayi ba ya ɓata.

INDA ZA A YI CANJI, DA YADDA ZA A YI

Allah ya hutar da mu, ba sai mun je nesa ba. Akwai 'yan canji a nan Daura, akwai su a Kwangwalam, akwai su a kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi, wanda kuma harka ta kai shi Kano ya san Wapa. Shawarata ita ce a yi canjin a gida, kwana biyu ko uku kafin tashi, a hannun mutumin da aka sani, mai rumfa ko shago, wanda idan an sami matsala za a dawo a same shi. A guji wanda zai tare ka a bakin shinge yana kaɗa damin kuɗi yana cewa ya fi kowa araha.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko farashin da aka ba ka yana kan hanya. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, sai ka nemi farashin yuro da naira a ranar, ka raba shi da 656. A misali, a ce yuro guda naira 1,640 ne. Idan ka raba, tamma guda ta zama naira biyu da rabi, jaka guda kuma naira 2,500. Ɗan canji zai ɗora ribarsa, kuma halaliyarsa ce, amma idan ka ga tazarar ta yi yawa, ka gode masa ka gwada na gaba. A tambayi mutum uku kafin a yanke.

A ƙirga kuɗi a gaban mai shi, a ɗaga kowace babbar takarda a duba ta a haske, a ƙi karɓar wadda ta yage ko aka liƙe, domin takardar da ɗan birni zai karɓa da ƙyar, 'yar ƙauye ba za ta taɓa ta ba. Malamanmu na addini suna nan, sun kuma karantar da mu cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yin ta, a majalisi guda. Wannan hukunci kariya ce gare mu. Kada a ba wani naira yau a kan zai kawo sefa jibi.

Abu mafi muhimmanci ga mai tattaki shi ne ƙananan kuɗi. Takardar jaka goma tana da daɗin ɗauka, amma a ƙauye kusan daidai take da babu, saboda cinikin mai shayi na yini guda ba lalle ya kai ya ba ka canjinta ba. A nemi ɗan canji ya haɗa da takardun 500 da 1,000 da 2,000 masu yawa, da ƙwandaloli na 50 da 100. Mu a nan mun daɗe da daina ganin ƙwandala, amma a can ita ce ke sayen ruwa da ƙosai da goro. A bar manyan takardu sai an shiga Matamaye ko Magarya ko Damagaram, a fasa su a babban kanti.

NAWA ZA A TANADA?

Farashin kaya yana canzawa, saboda haka hanyar lissafi zan bayar, kwamiti ya cike gurbin da adadin da ya binciko daga 'yan'uwanmu na can. A ce mutum goma ne, za su yi kwana biyar a ƙetare, an kuma ƙiyasta wa kowa jaka uku a rana. Jaka 150 ke nan. A ƙara kashi ɗaya cikin uku na wannan saboda larura, kamar magani, ko hayar amalanke, ko kuɗin motar wanda ya gaza, ya zama jaka 200. A farashin misalinmu na ɗazu, naira 500,000 ke nan. Yanzu a ce ba a yi canji ba, an tafi da naira, masu kaya suna lissafa jaka a kan 2,800. An yi asarar naira 300 a kowace jaka, wato naira 60,000 a tafiya ɗaya, kuɗin da zai saya wa ɗaliban makarantar nan littattafai masu yawa. Wannan ma idan an yarda an karɓa ke nan.

Kada a manta da kuɗin dawowa, don ban ji wanda ya ce da ƙafa za a komo ba. Kada a manta da na alheri, domin za a sauka a gidajen masu gari da limamai, kuma ba a shiga gidan babba hannu rabbana. Sannan kada a tara kuɗin a jikin mutum ɗaya. A naɗa ma'aji da mataimaki, a raba musu na ƙungiya, kowane matafiyi kuma ya riƙe abin da zai kai shi gida shi kaɗai idan ya rabu da ayari. A rubuta duk abin da aka kashe, a karanta wa ƙungiya bayan an dawo. Amana ta fi ƙarfi idan da takarda. A bar 'yar naira kaɗan a aljihu saboda ranar komowa, sefar da ta rage kuma ba ta ɓaci ba, ana iya mayar da ita ko a ajiye wa wata tafiyar.

TAKARDU DA HUKUMA

Ko da yake ba shi ne kan maganata ba, kuɗi da takarda tare suke tafiya, don wanda ba shi da takarda shi ne aljihunsa ke saurin ƙarewa. Iyakar nan ta sha rufewa a idonmu. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A ranar 29 ga Janairu, 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, ko da yake ficewar ba ta taɓa kuɗi ba, sefa aka ci gaba da kashewa. Ma'anar wannan ita ce, dokar shiga da fita tana iya sauyawa tsakanin Sallah da Sallah. Kwamiti ya je da kansa wurin jami'an shige da fice a Kwangwalam ya ji abin da ake buƙata a lokacin, ya kuma nemi jin na ɓangaren Nijar. Kowa ya riƙe fasfo mai rai da katin allurar shawara. A bi ta ƙofa, kada a bi ta barauniyar hanya. A nemi albarka da takardar gabatarwa daga fadar Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, a sanar da hukumomin tsaro na ɓangarorin biyu, domin ayarin baƙi a ƙafa, a irin wannan zamani, dole ya jawo tambaya. Dokarmu ta ce wanda zai fita da kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 sai ya bayyana wa kwastan. Guzurinmu ba zai kai nan ba, amma yana da kyau a sani. Duk inda aka ce a biya wani abu, a biya da ladabi, a nemi rasit da ladabi.

KAMMALAWA

Jama'a, an daɗe ana yi mana alkawarin kuɗin bai ɗaya na Afirka ta Yamma mai suna Eco. An sa rana an ɗaga ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har a 2021 aka mayar da ita 2027. An kuma aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Daura, a watan Fabrairu na 2021. Muna fatan ranar da ɗan Daura zai je Damagaram ba tare da ya tsaya wurin ɗan canji ba, kamar yadda kakanninsa suka yi. Kafin ranar ta zo, hankali ya ce a ɗauki duniya yadda take.

Ina goyon bayan wannan tattaki, ina kuma roƙon manyanmu su sa masa albarka. A yi shi da sanyin hunturu, a yi shi da tsari. Ƙannenmu za su ga fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni, su san cewa garin ne hedikwatar Nijar har zuwa 1926, su kuma gane da idonsu cewa mutanen da ke bayan turakun nan 'yan'uwansu ne. Ina ba da shawara a ƙara wa kwamitin tafiya mutum biyu, ɗaya ya kula da canji da lissafi, ɗaya da takardu, su kawo rahoto wata guda kafin ranar tashi. A kuma ware yini ɗaya a zaunar da duk masu tafiya, a baza musu takardun sefa da ƙwandaloli a kan tebur, a yi ta ciniki da dala har sai kowa ya iya.

Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu. Allah ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.